Hoton da Ban Kwafa Ba

Jama'a, abin da zan ba ku ɗin nan da ni ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. A Gumel ne, daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, lokacin ina aiki a wani ɗan shagon kwamfuta da ke kan hanyar tasha, irin wanda ake buga wa mutane takardu da katin biki da kalanda. Shagon na wani Alhaji ne ɗan kasuwa wanda ko inda ake kunna kwamfutar bai sani ba, ya dai saya ya ajiye ni, ni ne mai bugu, ni ne mai gyara, ni ne mai shara. Kwamfuta ɗaya ce tal, sai firinta, sai sikana wadda ake kifa hoto a kan gilashinta ta ɗauke shi zuwa cikin kwamfuta. Har sunana ya ɓata a garin, kowa Mai-kwamfuta yake ce mini.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar da muka sha da ajiya ba. Disket muke amfani da ita, wata 'yar aba falle ɗaya marar amana, yau ka zuba mata aikin mutum gobe ka saka ta ta ce ba ta taɓa ganin ka ba, balle a zafin Gumel. Na sha zagi a kan haka har na gaji. To a Kano ne wani mai gyara ya nuna mini dabara, wani akwatin ƙarfe ne wanda cikinsa babu komai, kai za ka samo hadisk, wato faifan nan na cikin kwamfuta da ke riƙe da duk abin da aka ajiye, ka ɗaure shi a ciki, ka jona akwatin a bayan kwamfuta ta inda ake jona firinta, ka kwafe aikinka kaf, ka cire ka tafi da shi. In kwamfuta ta mutu aikinka na nan. Na yi wa Alhaji bayani, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a sayi akwatin da babu komai a ciki ba, maganar ta mutu a nan.

Wata ranar Alhamis na raka wani abokina kasuwar Maigatari zai sayi rago, ina ta yawo wajen 'yan gwanjon kayan wuta, sai ga irin akwatin nan a gaban wani Badamagare, a tsakanin tsofaffin rediyoyi da dutsen guga. Na ce masa, "Malam, wannan mene ne?" Ya ce cajar batirin mota ce, kuma tana aiki. Na danne dariyata na ce to bari in duba cajar. Na tsuguna na duba abin da mutumin Kano ya koya mini: jikinsa ƙarfe ne ba roba ba, saboda roba tana riƙe zafi, fankar bayansa na hura ta ta juya, igiyarsa na nan, abin wutarsa na nan, har da disket ɗin da ake saka wa kwamfuta don ta gane shi an manne ta a ƙasansa da salatif. Na kwance murfin, cikinsa fayau, ba faifai. Rubutun jikinsa na Faransanci ne, na tambaye shi daga ina kayan suka fito, ya ce shi dai dila yake saye, bai san masu su ba. Muka yi ciniki na rungumo abina.

Na ɗaure masa faifan wata tsohuwar kwamfuta da ta mutu, na goge shi tas, kuma ya yi aiki lafiya lau, illarsa ɗaya ba shi da sauri, sai ka sha shayi ka yi sallah ka dawo yana nan yana kwafa. Na tsara wa kaina doka: duk ranar Alhamis da yamma nake kawo shi shago in kwafe aikin mako, in cire shi in mayar da shi gida, don kada wani abu ya sami shagon ya haɗa da shi. A gida kuma maiɗakina ce ta sama masa wuri, ta ce ba za ta zuba ido ɓera da gara su ci abin da nake ta lallaɓawa kamar jariri ba, ta naɗe shi da tsohon zani ta saka a cikin babbar kwallarta ta aure ta rufe, ta ajiye kusa da randa inda yake da sanyi. To ku riƙe wannan: daga Alhamis zuwa Alhamis akwatin nan yana cikin kwalla, ba wuta, ba igiya.

Akwai wani dattijo, Mista Bitrus, malamin dabbobi ne da ke duba shanu a kasuwar Maigatari, kowa Likita yake ce masa. Kirista ne mutumin wajajen Filato, ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu, mutum ne mai barkwanci, in ya shigo shago sai ya ce, "Mai-kwamfuta, yau ma aljanarka ta tashi lafiya?" Wata Litinin ya shigo, ranar babu barkwanci, ya zauna ya ciro wani hoto daga aljihun gaba an naɗe shi da leda.

Ya ce, "Wannan matata ce, Saratu. Wajen haihuwar Rahila ta rasu."

Rahila ita ce 'yarsa ɗaya tilo, tana karatun aikin jinya a wani gari, kuma bikinta ya matso. Ya ce yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba, domin hoton marigayiyar guda ɗaya ne a duniya, kuma yana hannun yayan Saratun a ƙauye, tsoho mai taurin kai da ya hana kowa shekara da shekaru. Sai wannan karon da Likita ya je kai maganar biki ya durƙusa masa, sannan ya ba shi aro da sharaɗin zai dawo da shi yadda ya karɓa. Daga tasha ko gida bai je ba ya zo wurina. Yana so in saka hoton a katin biki da kalanda, in kuma fitar da babba guda ɗaya, ranar Asabar in Rahila ta iso ya miƙa mata.

Na ce, "Likita, an gama, in sha Allahu."

Hoto ne baƙi da fari irin na situdiyo, yarinya ce ɗanya shakaf da ba za ta wuce shekara ashirin ba, tana tsaye da riga da zani da ɗankwali, tana murmushi, ga wushirya. Na san fuskar nan sarai, domin bayan na ɗauke shi da sikana na yi kwana biyu ina goge ɗigo-ɗigon da tsufa ya yi masa, na ƙara girmansa na rage, har na haddace ta. Na ajiye shi a kwamfuta da sunanta. Shi kuma ainihin hoton na bar shi kife a cikin sikana na rufe murfin, haka nake yi da duk hoto mai daraja har a gama aiki, don nan ne ba ya lanƙwasa, ba mai taɓa shi da hannun mai.

Ranar Laraba bayan azahar na rufe shago na tafi gaisuwar rasuwa a Gagarawa. Muna can hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, aka yi iska da ruwa da tsawa irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ko da na dawo Gumel, kwanon shagonmu yana can cikin filin wani, ruwa ya cika shagon har idon sawu, kwamfuta tana warin ƙuna, tsawa ta bi waya ta cinye ta. Ban ma bi ta kanta ba, sikana na nufa. Na ɗaga murfin, ruwa ya shiga, hoton ya manne da gilashi. Na sa hannu a hankali, a hankali, ina bismillah, wallahi takardar ce kawai ta taso fara fat, fuskar ta narke ta zama wani baƙin ruwa a kan gilashi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a cikin ruwan nan da rigata ta zuwa gaisuwa, na rasa abin da ke mini daɗi. Na buɗe kwamfutar na ciro faifanta, ya ƙone har ya yi baƙi. Kuma Alhamis ba ta zo ba, ban kwafa ba.

Washegari da kaina na je na sami Likita. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na ajiye masa farar takardar a gabansa na faɗa masa yadda aka yi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce, "Yana cikin aljihuna, Mai-kwamfuta. Da na sani da na wuce makarantarsu na nuna mata tukuna. Ni ne na ce sai na yi mata bazata." Sai ga hawaye a fuskar dattijon nan da yake kayar da bijimi.

Ya ce, "Wannan akwatin naka da kake ta yabo fa?"

Na ce, "Likita, ba ya ciki. Litinin ka kawo, rabon akwatin da shago tun Alhamis ɗin da ta wuce. Yana gida cikin kwalla."

Ya ce, "A duba dai."

Na ce masa babu amfani, kamar ka nemi abin da ba ka zuba ba ne a cikin buhu. Amma da ma dole in nemi wata kwamfutar in ciro aikin sauran mutane, kuma ina da wani aboki, Malam Habu, da ke kula da kwamfutar wani ofis a Sule Tankarkar. Likita ya ce shi zai kai ni a babur ɗinsa. Na ɗauko akwatin daga cikin kwalla da hannuna, na rungume shi a baya, muka kama hanya cikin taɓo, har muka isa.

Malam Habu ya ba mu wuri, na saka disket, na jona akwatin, fankar ta ɗauka. Aikin mutane ya fito a jere yadda na bar shi, na ce alhamdulillahi, ina gangarawa ƙasa ina dubawa, Likita yana tsaye a bayana. Sai na ga sunan a can ƙarshe. Saratu.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi tun kafin in buɗe. Ni na san ban kwafa ba, babu ranar da zan kwafa, babu wanda ya iya jona akwatin nan a duk unguwarmu sai ni. Likita ya dafa kafaɗata ya ce, "Buɗe mana!" Na danna. Kwamfutocin lokacin a hankali suke sauke hoto, daga sama zuwa ƙasa, layi-layi. Labulen situdiyo ya fito, shi ne. Ɗankwali ya fito, shi ne, har ɗaurin. Sai goshi, sai na ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalin. Na ce a raina ko lalacewar hoto ce. Sai idanu, sai kumatu, sai baki. Murmushin nan ne, wushiryar nan ce, riga da zanin nan ne, tsayuwar nan ce, amma matar da ke kallon mu ta haura arba'in. Fuskar ta cika, ga layi a gefen baki da gefen ido, wuyan ya yi kauri, hannuwan sun yi jijiya irin na macen da ta sha aiki.

Na ce, "A'uzu billahi!" na ture kujera baya. Malam Habu da bai san komai ba ya ce, "Lafiya? Ai hoton ya fito da kyau." Likita kuwa a hankali ya durƙusa a gaban teburin har fuskarsa ta zo daidai da gilashin kwamfutar, ya ce, "Ya Ubangiji. Saratu." Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya ce, "Kai ka yi mata haka?"

Na ce, "Likita, na rantse da Allahn da ya halicce ni, ko an sa mini bindiga ban iya wannan ba. Ɗigo kawai na iya gogewa."

Ya ce, "Na sani. Da tana nan, haka za ta kasance."

Ni dai so nake mu kashe mu tafi. Shi ya ce a fitar masa a takarda, Malam Habu ya fitar, kuma abin da ke gilashi shi ya fito a takarda. Da na koma gida na tambayi maiɗakina ko wani ya taɓa kwallar, ta ce wa zai taɓa. Sai ta ce, "Af, na manta ban faɗa maka ba. Jiya ana tsakiyar ruwan nan na ji kwallar tana gurnani kamar mage ta shiga, na taɓa murfin na ji shi da ɗumi, na ce ko haka abin naku yake yi in ana tsawa." Na dai fitar da akwatin daga ɗakin na kai shi zaure.

Ranar Asabar Likita ya aiko in zo, ya ce ba zai iya shi kaɗai ba. Na tarar da Rahila ta iso, doguwa mai fara'a, tana ta yi mini godiya tun ba ta ga komai ba. Uban ya faɗa mata gaskiya tun daga aro har zuwa ruwa, bai ɓoye komai ba, sannan ya miƙa mata takardar. Ta karɓa da hannu biyu ta zauna. Ta duba, ta duba, ta ce, "Baba, ai ka ce tana yarinya ta rasu."

Ya ce, "Tana yarinya ta rasu."

"To wannan fa?"

Ya ce, "Ita ce. Ban san yadda aka yi ba, ga Mai-kwamfuta nan shi ma bai sani ba. Amma ita ce."

Na zaci za ta jefar ta gudu, don ni da ni ne abin da zan yi ke nan. Sai ta kai yatsa ta taɓa wushiryar, ta taɓa tata, ta fashe da kuka tana cewa Mama, Mama. Da ta natsu ta share ido ta ce, "A saka shi haka. Kowace amarya uwarta babba ce, ni ma ga tawa." A Kano aka buga katin da kalandar, da wannan hoton. Likita ya ba ni labari cewa da ya kai wa tsohon nan na ƙauye farar takardar da sabon hoton, yana jiran tsinuwa, tsohon ya ƙura wa hoton ido, sannan ya ce wannan ai fuskar mahaifiyarsu ce sak lokacin da ta kai waɗannan shekarun, ya karɓa ya shige ɗaki, bai sake tayar da maganar ba.

Bayan biki Likita ya ce in sayar masa da akwatin. Na ce ya ɗauka kyauta, da ma tun ranar ban sake yarda ya kwana ɗaki ɗaya da ni ba. Na koya masa yadda ake jonawa, daga baya ya sayi wata tsohuwar kwamfuta saboda shi kawai. Na tambayi malamai, na tambayi masu gyara a Kano, wani ya ce aljanu ne, wani ya ce na kwafa na manta, na ce to na ji na manta, furfurar fa, ita ma mantawa na yi? Ba wanda ya ba ni amsa. Na koma Maigatari neman Badamagaren nan, na same shi, bai ma tuna ya sayar mini da komai ba.

Shekaru sun ja, na bar wancan shagon na buɗe nawa. Wata rana da hantsi na je tasha aika saƙo, sai ga Likita ya yi ritaya zai koma gida, ya tsufa, an ɗaure kayansa a saman mota, amma akwai wata jaka da ya rungume a ƙirji ya hana a ɗora. Muka gaisa, ya ce Rahila tana da 'ya'ya har sun shiga makaranta. Na nuna jakar na ce, "Likita, ba dai shi ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Shi ne. Duk Kirsimeti nake buɗewa sau ɗaya. Kanta ya yi fari fat yanzu, kamar nawa. Muna tsufa tare, Mai-kwamfuta."

Sai dariyar ta ɗauke, ya matso ya rage murya ya ce, "Sai dai bara na ga ta rame ƙwarai, idanun sun faɗa. Bana tsoron buɗewa nake yi. Ka taya ni da addu'a."

Wallahi bakina ya riga ni, na ce, "Allah ya ba ta lafiya." Ya ce amin, ya shiga mota. Sai da motar ta fita daga tasha sannan na tuna matar da na roƙa wa lafiya ta fi shekara talatin a kabari. Daga ranar ban sake jin labarinsa ba, kuma ban nema ba.

Shawarata gare ku, ku riƙa kwafe aikinku, kada ku jira wata Alhamis, ranar da abu mai daraja ya shigo hannunku ranar za ku kwafe shi, ku kuma ajiye kwafin a wani gidan daban. In za ku sayi akwatin ajiya ku sayi sabo a kwalinsa, na ƙarfe, ku bar na gwanjo da ba ku san hannun da ya fito ba. In kuma kuna riƙe da abin da wani yake jira ya gani, ku kai masa ya gani yau, ku bar maganar bazata. Ni yanzu akwatina sabo ne, ni na yage ledarsa da hannuna, kuma hoton mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, yana ciki tun shekarar da ta rasu. Ina ganin sunan duk lokacin da na jona. Har yau ban buɗe ba.